Uwa, Malama, Baiwar Ubangiji: Tunawa da Waliyiya Elizabeth Ann Seton



Ranar 4 ga Janairu kowace shekara Ikilisiya takan tuna da wata mace wadda ba a cika ambaton sunanta ba a nan arewa, wato Waliyiya Elizabeth Ann Seton. Ranar takan faɗo a makon da bukukuwan Kirsimeti da na sabuwar shekara suka cinye abin da ke aljihu, makarantu kuma suna shirin komawa zango na biyu. A irin wannan mako ne iyaye da yawa sukan zauna da dare su ƙirga abin da ya rage, su yanke shawarar wane yaro zai koma aji, wane kuma zai dakata tukuna. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo muku tarihin wannan baiwar Allah. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyar, ta binne miji tana da ƙuruciya, ta san bashi da talauci, duk da haka ta bar wa Ikilisiya makarantu da gidajen marayu. Duk macen da ke zaune a bencin majami'a za ta ga wani abu na rayuwarta a cikin wannan labari.

Ƙuruciyarta da aurenta

An haifi Elizabeth a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 28 ga Agusta, 1774. Mahaifinta, Richard Bayley, sanannen likita ne, wanda daga baya aka ba shi aikin duba lafiyar matafiyan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta birnin. Mahaifiyarta, Catherine, 'yar wani limamin Ikilisiyar Angalikan ce, ta kuwa rasu a 1777, tun Elizabeth ba ta cika shekara 3 ba. Uban ya sake aure, yarinyar ta tashi tsakanin gidan matar uba da gidan baffanta. Wanda ya tashi babu uwa ya san irin kewar da ke zama a zuciya ko da gida cike yake da mutane. A cikin wannan kewa ta saba da karatun Littafi Mai Tsarki, musamman Zabura, ba ta kuwa rabu da wannan hali ba har ranar mutuwarta.

Ranar 25 ga Janairu, 1794, tana da shekara 19, ta auri William Magee Seton, ɗan wani attajiri mai fatauci ta jiragen ruwa tsakanin Amurka da Turai. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1795 da 1802: Anna Maria, William, Richard, Catherine da Rebecca. A 1798 surukinta ya rasu, ya bar yara shida, ƙannen mijinta, waɗanda ba su isa riƙe kansu ba. Duka suka koma hannunta, ga nata ƙanana, ita kuwa ba ta wuce shekara 24 ba. Ta karɓe su ta riƙe. Hausawa suna cewa ɗa na kowa ne, amma kowa ya san sau da yawa mace ɗaya ce takan tashi da asuba ta hura wa wannan ɗa wuta.

A lokacin nan Elizabeth 'yar Ikilisiyar Angalikan ce, tana sujada a majami'ar Trinity ta New York. A 1797 ta haɗa kai da wata dattijuwa mai suna Isabella Graham da waɗansu mata, suka kafa ƙungiyar taimakon matalautan gwauraye masu ƙananan yara, ita ce kuma ta riƙe musu aikin ma'aji. Sukan shiga lungunan birnin da abinci da tufafi da magani. Mu lura da wannan, 'yan'uwa: Ruhu Mai Tsarki ya fara aikinsa a cikinta tun kafin ta shigo Ikilisiyar Katolika, abin da ya isa ya koya mana mutunta 'yan'uwanmu Kirista na sauran ɗariƙu. Mu kuma lura cewa matar da ta zaga gidajen gwauraye da taimako a 1797, bayan shekara 6 ita ma ta zama gwauruwa mai neman taimako. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Karayar arziki da mutuwar miji

Wajen 1800 kasuwancin gidan Seton ya karye. Yaƙe-yaƙen Turai sun tare hanyoyin teku, an yi asarar jirage da kaya, bashi ya hau kansu, suka rasa gidansu. A 1801 mahaifinta ya rasu da cutar da ya ɗauka wurin jinyar baƙi marasa lafiya. Mijinta kuma tarin fuka ya kama shi. Da likitoci suka ba da shawarar ya sauya iska, sai a 1803 ta ɗauke shi tare da babbar 'yarsu, Anna Maria, mai shekara 8, suka shiga jirgin ruwa zuwa Italiya, ta bar sauran yaran huɗu a hannun dangi.

Da suka isa tashar Livorno, hukuma ta hana su shiga gari, don an ji labarin zazzaɓin shawara a New York. Aka killace su kusan wata guda a wani gini na dutse mai sanyi da danshi a bakin teku. A nan ta yi jinyar mijinta dare da rana, tana karanta masa Maganar Allah, tana shirya shi ya sadu da Mahaliccinsa. Bayan an sake su da 'yan kwanaki, ya rasu a birnin Pisa ranar 27 ga Disamba, 1803, kwana biyu bayan Kirsimeti. Elizabeth tana da shekara 29, a baƙuwar ƙasa, babu kuɗi, ga yara huɗu suna jiranta a gida.

Waɗanda suka karɓe ta su ne abokan cinikin mijinta, 'yan'uwa biyu, Filippo da Antonio Filicchi, tare da iyalansu. Katolika ne masu riƙon addini. Suka ba ta ɗaki da abinci har watanni, ta zauna tana kallon yadda gidan yake tafiya: zuwa Misa, azumi, sadaka, da girmamawar da suke yi wa Sakramenti Mai Albarka. Abin da ya fi taɓa zuciyarta shi ne bangaskiyarsu cewa Almasihu yana nan da gaske a cikin Tarayya Mai Tsarki. Gani ya kori ji. Da wannan iyali sun rufe ƙofarsu ga baƙuwa mai takaba, da wataƙila Ikilisiya ba ta sami wannan waliyiya ba. Kowane gida na Kirista wa'azi yake yi wa baƙonsa, ko masu gidan sun sani ko ba su sani ba.

Tsadar bangaskiya

Ta koma New York a 1804, ta shafe watanni cikin kokawar zuciya, tana karatu, tana addu'a, malamanta na dā suna jan ta gefe guda, lamirinta yana jan ta wani gefe. Ranar 14 ga Maris, 1805, aka karɓe ta cikin Ikilisiyar Katolika a majami'ar Waliyi Bitrus, wadda a lokacin ita kaɗai ce majami'ar Katolika a birnin. Ranar 25 ga wannan wata ta karɓi Tarayya Mai Tsarki karo na farko.

A New York ta wancan zamani yawancin Katolika matalautan baƙi ne, manyan gari suna yi musu kallon raini. Dangi da abokai da yawa waɗanda da za su tallafa mata suka juya mata baya. Ta gwada aikin koyarwa da riƙon yara 'yan makaranta a gidanta don ta ciyar da nata, amma da labari ya bazu cewa ta zama Katolika, sai iyaye suka riƙa janye 'ya'yansu. Da ƙanwar mijinta, Cecilia, ta bi sawunta a 1806, fushin dangi ya ƙaru. A cikin majami'unmu akwai waɗanda ba sa bukatar a bayyana musu wannan ciwo, domin su ma sun rasa gado ko wurin zama a taron dangi saboda sunan Yesu. Gare su muke cewa: kuna da 'yar'uwa a sama wadda ta bi wannan hanya. Ba ta zagi danginta ba, ba ta kuma daina yi musu addu'a ba.

Makarantar Emmitsburg

A 1808 wani Fada mai suna William Dubourg ya gayyace ta zuwa birnin Baltimore ta buɗe makarantar 'yan mata. Ta kwashi 'ya'yanta ta tafi, ta fara da ɗalibai kaɗan a wani ƙaramin gida. Waɗansu 'yan mata suka zo suna so su yi wannan hidima tare da ita. Ranar 25 ga Maris, 1809, ta ɗauki alkawarin keɓe kai ga Allah a gaban Bishop John Carroll, bishop na farko na ƙasar Amurka, daga nan aka fara kiranta Uwa Seton. Wani mai hali da ya shigo Katolika, Samuel Cooper, ya ba da kuɗi aka sayi gona a ƙauyen Emmitsburg cikin jihar Maryland. A can, ranar 31 ga Yuli, 1809, aka kafa ƙungiyar Sistocin Ƙauna ta Waliyi Yusufu, ƙungiyar Sistoci ta farko da aka kafa a ƙasar Amurka.

Damina da rani ba su yi musu sauƙi ba. A hunturun farko sun cunkushe a wani ƙaramin gidan dutse, sanyi yana shiga ta ko'ina, abinci ya yi ƙaranci har sukan gasa karas su dafa a madadin kofi. Ƙannen mijinta biyu da suka biyo ta, Harriet da Cecilia, suka rasu a cikin watannin nan. Duk da haka, a watan Fabrairu na 1810 ta buɗe makaranta kyauta domin 'yan matan matalauta na yankin.

Dabarar da ta bi ta cancanci kwamitocin makarantunmu su dube ta. Bayan 'yan watanni ta buɗe sashen kwana domin 'ya'yan masu hali, kuɗin da waɗannan suka biya shi ya riƙe karatun waɗanda ba su da ko anini. Ta haka makarantar ta tsaya da ƙafafunta ba tare da ta kori matalauci ba. Ita da kanta takan shiga aji, ta horar da malamai, ta fassara littattafan ibada daga Faransanci, ta rubuta wa iyaye wasiƙu a kan halin 'ya'yansu. Ran Lahadi kuma takan tara yaran ƙauye ta koya musu katekizim. A 1814 ta aiki Sistoci su riƙe gidan marayu a Philadelphia, a 1817 kuma ta aika waɗansu New York, birnin da ya ƙi ta. Saboda wannan aiki Katolikan Amurka suke lissafa ta cikin waɗanda suka aza harsashin makarantun Ikilisiya a ƙasarsu.

Uwa har ƙarshe

Akwai wani abu a tarihinta da ya kamata duk mai hidima a majami'a ya riƙe. Lokacin da ake tsara dokokin ƙungiyar, bisa tsarin 'Yan Matan Ƙauna da Waliyi Vincent de Paul da Waliyiya Louise de Marillac suka kafa a Faransa a 1633, Uwa Seton ta faɗa wa shugabanni a fili cewa hakkin 'ya'yanta shi ne na farko a kanta, kuma in shugabancin ƙungiya zai raba ta da su, za ta bar shugabancin. Dokokin da aka amince da su a 1812 suka ba ta damar ci gaba da riƙon yaranta. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan mai bi wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:8). Uban da ke kowane kwamiti amma bai san ajin da ɗansa yake ba, da uwar da ba ta fashin taro amma yaranta suna kwana ba addu'a, su duba misalin wannan mace.

Riƙon nan bai zo mata da sauƙi ba. Anna Maria ta rasu da tarin fuka a 1812 tana da shekara 16. Autarta, Rebecca, ta faɗi a kan ƙanƙara ta ji rauni a ƙugu, ta sha jinya mai tsawo, ta rasu a 1816 tana da shekara 14. 'Ya'yanta maza biyu sun sa ta zubar da hawaye da yawa, domin ta nema musu aikin kasuwanci amma hankalinsu bai zauna a kai ba, William ya shiga sojan ruwa, Richard kuma ya yi ta faɗi-tashi. Kullum fargabarta ita ce kada su yi nisa da Allah. Iyayen da ke kuka a kan ɗan da ya bar zuwa majami'a su san cewa waliyiya ma ta yi irin wannan kuka, kamar yadda Waliyiya Monika ta yi a kan Agustin a nan nahiyarmu ta Afirka.

Tarin fukan da ya ɗauke mijinta da 'yarta shi ya ɗauke ta, ranar 4 ga Janairu, 1821, tana da shekara 46. Wasiyyarta ga Sistocin da suka kewaye gadonta ita ce su zauna 'ya'yan Ikilisiya na gaskiya. Ba ta ga amfanin gonarta duka ba. Richard ya mutu a jirgin ruwa kusa da gaɓar Laberiya a 1823. Catherine ta zama Sista, ta yi shekaru tana ziyartar fursunoni a New York, ta rayu har 1891. Jikanta Robert, ɗan William, ya zama Babban Bishop. Ɗan ɗan'uwanta, James Roosevelt Bayley, ya shigo Katolika, ya kafa kwalejin Seton Hall a 1856 don tunawa da ita, daga baya ya zama Babban Bishop na Baltimore. Paparoma Yohanna na 23 ya kira ta Mai Albarka a 1963, Paparoma Bulus na 6 kuma ya sa ta cikin jerin waliyyai ranar 14 ga Satumba, 1975, ta zama ta farko cikin haifaffun ƙasar Amurka da ta sami wannan daraja.

A ƙasarmu

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne, ko kuwa ilimin mata baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Lokacin da Uwa Seton take koyarwa a Emmitsburg, a Sakkwato akwai wata matashiya, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793. Matar Waziri Giɗaɗo ce, uwa ce, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma horar da mata da ake kira jaji, tana naɗa musu malfa ta aike su ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu mata, abin da aka sani da 'yan taru. Addininta dabam ne da namu, amma Majalisar Vatikan ta Biyu ta koya mana a 1965 mu dubi Musulmi da girmamawa, mu kuma yarda da duk abin kirki da muka gani wurinsu. Mata biyu, teku a tsakaninsu, ba su taɓa jin labarin juna ba, kowace ta gane cewa al'ummar da ta bar matanta cikin jahilci ta cuci kanta.

Wanda ya fita daga birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa ba zai yi nisa ba zai kai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909. Makarantar maza ce. Sai wajen 1930 aka fara buɗe wa 'yan mata wuraren karatun boko a Kano da Katsina. A 1948 Sistocin Waliyi Louis suka iso Kano daga ƙasar Ailan, suka fara aikin koyarwa wanda ya haifi makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai, inda 'ya'yan Kirista da na Musulmi suka zauna a aji ɗaya. Kano ta zama yankin mishan mai cin gashin kansa a 1991, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999 a ƙarƙashin Bishop Patrick Sheehan, Bishop John Namaza Niyiring kuma ya gaje shi a 2008. Waɗannan su ne sunayen da ke rubuce.

Akwai kuma sunayen da ba a rubuta ba. A Sabon Gari da sauran unguwanni, da ƙauyukan Kano da Jigawa, kowace majami'a tana da irin macen nan. Ta yi shekara talatin tana riƙe da alli a firamare. Ran Asabar ita ce ke share majami'a ta wanke tufafin bagade. Ita ce ke shirya yara domin Baftisma da Tarayya ta farko, ita ce ke jan Rosari a gidan makoki, ita ce ke riƙe da littafin adashin Zumuntar Mata. A gidanta ba ka iya bambance ɗan da ta haifa da ɗan da ta riƙa. Babu wanda ya taɓa biyan ta a kan wannan hidima. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki (2 Timoti 1:5). Da za a tambayi Fadanninmu da Sistocinmu da katekis ɗinmu wa ya fara koya musu alamar gicciye, yawancinsu sunan mace za su ambata.

Abin da wannan tunawa ke nema gare mu

Na farko, karatun 'ya'yanmu mata. Duk wanda ya bi ta ƙarƙashin gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da safe zai ga yara sanye da kayan makaranta suna sauri, zai kuma ga sa'o'insu mata ɗauke da faranti suna talla tsakanin motoci. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yaran Nijeriya da ba sa makaranta sun kai kimanin miliyan 20. Sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da abin da ya biyo baya a Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021, ya sa tsoro a zukatan iyaye, tsoron kuwa yana da dalili, wajibi ne hukuma ta tsare makarantu. Amma a gidaje da yawa abin da ke tsayar da yarinya lissafi ne: kuɗi bai kai na biyu ba, sai a ce namiji ya tafi, mace ai gidan wani za ta. Gidan wanin nan a can za ta raini jikokinka, abin da ta sani shi za ta koya musu. Majalisar Vatikan ta Biyu ta bayyana cewa iyaye su ne malamai na farko na 'ya'yansu, kuma hakki ne mai nauyi a kansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya ga ba zai iya ba, kada ya yi shiru saboda kunya, ya je wurin Fada ko shugabannin majami'a tun kafin a koma makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ƙungiya a majami'a, ta maza da ta mata da ta matasa, tana iya ɗaukar nauyin yarinya ɗaya har ta gama sakandare. Makarantun Ikilisiya kuma su tuna da tsarin Emmitsburg, su ware gurabe domin waɗanda ba za su iya biya ba, don kada makarantar da aka gina da baikon matalauta ta zama ta masu hali kaɗai.

Na biyu, gwauraye. Akwai gidajen da tun ba a share makoki ba dangin mamaci sukan zo su kwashe takardun fili da kayan ɗaki, su bar mace da yara hannu wofi. Duk mai Baftisma da ya sa hannu a irin wannan aiki ya san cewa zunubi ne mai nauyi, al'ada kuma ba za ta wanke shi a gaban Allah ba. Manzo Yaƙub ya sa kula da marayu da gwauraye a tsakiyar addini na gaskiya (Yaƙub 1:27). Antonio Filicchi bai haɗa jini da Elizabeth ba, amma ya yi shekaru yana aika mata taimako har da kuɗin karatun 'ya'yanta maza. In baƙo ya yi haka, me ake jira daga wa ko ƙanen mamaci?

Na uku, malamai da masu koyar da katekizim. A biya malamin makarantar mishan hakkinsa a kan lokaci. Matasan da Allah ya ba ilimi kuma su fito su karɓi ajin Lahadi daga hannun tsofaffin da idonsu ya fara gajiya, domin ajin da babu magaji yakan mutu tare da mai shi.

Na ƙarshe, a girmama iyayen nan tun suna da rai. Da Tabita ta mutu a Yafa, gwauraye suka tsaya kewaye da Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka musu (Ayyukan Manzanni 9:36-42). Aikin hannunta ne ya yi mata shaida. Akan ga tsohuwar malama tana fama da neman kuɗin magani, fanshonta bai zo ba, ɗalibanta na dā ba sa leƙa ta, amma ranar jana'izarta a yi anko, a kafa rumfuna, a yanka sa. Rabin wannan kuɗi da ya saya mata magani na shekara guda. Ku ziyarce su a wannan wata. Ku tura yara su zauna kusa da su, su tambaye su yadda aka fara majami'ar garinku, su rubuta a littafi a ajiye a ofishin Fada. Waɗanda kuma suka riga mu gidan gaskiya, ku ba da sunayensu a yi musu Misa, gama yi wa matattu addu'a aiki ne mai tsarki (2 Makabi 12). Annabi Daniyel ya yi alkawarin haske irin na taurari ga waɗanda suka bi da mutane da yawa zuwa adalci (Daniyel 12:3), mun kuwa gaskata iyayenmu malamai suna cikinsu.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai ne ka riƙe baiwarka Elizabeth cikin maraici da takaba da talauci, ka mai da hawayenta albarka ga yara masu yawa. Ka dubi iyayenmu mata da suka koya mana sunanka. Waɗanda suka rasu ka karɓe su cikin hutunka, waɗanda suke da rai ka ba su lafiya da 'ya'ya masu tunawa da su. Ka tsare yaranmu a hanyar makaranta, ka buɗe hannun masu hali, ka ba ƙasarmu zaman lafiya. Mun roƙa ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Waliyiya Elizabeth Ann Seton, ki yi addu'a dominmu.